Kafin Ka Goge Faifai, Bincika Tsarinsa

Sau da yawa mutum kan soka filashi a kwamfuta, sai ta ce ba ta gane shi ba, a goge shi. Kada ka yi garaje, ɗan'uwa, mai yiwuwa hotunan biki da takardun makaranta suna nan lafiya. Wani lokaci tsarin ajiya ne kawai ya bambanta, domin Windows ba ta karanta ext4 na Linux da kanta.

Ka kai shi kwamfuta mai Linux, ka rubuta lsblk -f. Nan take za ta jero kowane faifai da tsarinsa, FAT32 ne ko NTFS. In tsarin ya lalace, a sauke faifan da umount tukuna, sannan fsck ya duba shi.

Sai dai a yi hattara da mkfs, shi ne mai shafewa. Ka rubuta sdb a madadin sdc, faifan da ba ka nufa ba ya tafi.