Kyautar uba ko rabon gado: wanne ya fi tsare gida?

Magidancin da ke da gida a unguwar Zariya cikin Maraɗi, ko gona a bakin Gulbi, hanya biyu ce a gabansa: ko ya ware wani abu ya miƙa wa ɗa guda tun yana da rai, ko ya bar dukiyar yadda take har ranar da malamai za su zauna rabo. Shari'a ta san da duka biyun, amma kowace da hukuncinta.

Gado ba ya neman ra'ayin kowa. Suratun Nisa'i ta yanke kaso: namiji rabon mata biyu, matar mamaci tumuni idan akwai ƴaƴa, uwa sudusi. Uba ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, ko wasiyya ba a yi wa magaji. Kyauta kuwa tana hannun mai dukiya, kuma a nan ne malamai suka rabu. Lokacin da Bashir bin Sa'ad ya nemi Annabi (SAW) ya shaidi kyautar da ya yi wa ɗansa Nu'umanu shi kaɗai, Annabi ya ƙi, ya umarce shi da adalci tsakanin ƴaƴansa. Imamu Ahmad ya ɗauki daidaitawar wajibi. Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukan Maraɗi da Tibiri, ta sassauta: Risala ta Ibn Abi Zaid ta karhanta a ba ɗa ɗaya dukiya duka, ta halatta a ba shi wani sashe.

Gado yana tabbata da mutuwa, kyauta kuwa sai da karɓa. Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Uba ya ce wa babban ɗansa “na ba ka gidan nan”, amma shi ke kwana a ciki, makulli na aljihunsa, har rai ya yi halinsa. Wannan gida gado ne. Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha dabino daga gonarsa ta Gaba, ba ta riga ta girbe ba ciwon ajali ya zo masa, sai ya shaida mata cewa yanzu ya koma dukiyar magada. Muwaɗɗa ta kawo labarin. Haka nan kyautar da aka yi wa magaji a kan gadon mutuwa ba ta wucewa sai sauran magada sun yarda.

Amma fa gado ba ya kallon buƙata. Ɗan da ya yi shekaru yana noman gandu tare da tsohon, da wanda ya tafi Kano bai waiwayo ba, kasonsu ɗaya. Ɗiyar da aka saka ta dawo da yara, da ɗan da ke da naƙasa, gado bai ƙara musu ko taƙi ba. A Jiratawa da ƙauyukan Tibiri, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gona ɗaya takan tashi ƴan tsirkai idan aka ja igiya tsakanin magada goma. Kyauta tana iya toshe wannan kafa. Tana kuma iya buɗe wata mafi muni: mutum ya rubuta wa ƴaƴan amarya komai, ko ya raba wa maza gonaki tun da rai don kada mata su samu. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, domin gabar ƴan uba takan kai har jikoki.

Ta fuskar hukuma, dokar tsarin kotuna ta 2018 ta bar gado da kyauta da wasiyya ga al'adar masu ƙara, ana fara neman sulhu wajen mai gari ko sarki kafin a kai ga alƙali. Dokar karkara ta 1993 kuma ta kafa kwamitocin filaye, Kofo, masu ba da takardar shaidar kyauta. Rabon gado jama'a ke halarta, kyauta kuwa sau da yawa a ɗaka ake yin ta, shi ya sa ta fi buƙatar takarda.

A ganina gado ne asali, kyauta ta biyo baya don lalura. Uban da ke da dalili na gaskiya ya ba da sashe kawai, ya tara sauran ƴaƴa maza da mata ya faɗa musu dalilin, ya kira shaidu, ya fita daga abin da ya bayar, a rubuta. Wanda kuma ya san ba zai iya faɗin dalilinsa a gabansu ba, ya bar dukiyar ga rabon da Allah ya yanke.