Darasin Turanci da Aikin Gida a Sakandaren Jega, Aliero da Maiyama

Wanda ya taso daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal zai ratsa Aliero kafin ya iso mararrabar Jega, in ya miƙe kudu kuma ya faɗa Maiyama a kan hanyar Koko da Yawuri. Ƙananan hukumomi uku ne maƙwabtan juna a masarautar Gwandu, kuma Allah ya hore musu abin da garuruwa da yawa suke nema, wato manyan makarantu a bakin ƙofa. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin Kebbi ta kafa a 2006, a Jega kuma akwai kwalejin koyon aikin lafiya. Sai dai yaron da yake hango katangar jami'a daga gonar albasar mahaifinsa ba zai samu gurbi a cikinta ba sai da kiredit a Turanci, ko da injiniya yake son zama.

Duk shekara idan sakamako ya fito sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. A 2025 kam an samu abin kuka na gaskiya. A wasu jihohi ɗalibai sun rubuta Turancin WAEC da dare da hasken tocila saboda jinkirin kawo takardu, sannan hukumar ta fara cewa kashi 38 cikin ɗari ne suka ci kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, daga baya ta gano kuskure wajen ba da maki ta mayar da adadin kusan kashi 63. Amma ko da komai ya tafi daidai ranar jarrabawa, tun ran gini tun ran zane. Ana cin Turanci ko a faɗi shi ne a shekaru shida na sakandare, a darasin minti arba'in da littafin da yaro yake kaiwa gida.

Abin da jarrabawar take nema

Turancin WAEC takardu uku ne. Ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓi ɗaya cikin huɗu a kan kalmomi da nahawu. Ta uku tambayoyi 60 ne a kan furuci. Ta biyu ita ce mai nauyi, domin maki ɗari take ɗauke da su: insha'i mai kalmomi kusan 450 da maki 50, auna fahimta da maki 20, taƙaita bayani da maki 30. A insha'in nan an ware maki goma don tsabtar rubutu, kuma kowane kuskuren harafi ko aya ko nahawu yana cin rabin maki. Ke nan kurakurai ashirin sun isa su cinye goman ƙarƙaf, yaro kuwa yana iya yin ashirin ɗin kafin ya gama shafin farko. Bayan wannan ga JAMB tana jira, inda tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne, kuma dole ne ga kowa.

Duk wanda ya dubi wannan tsari zai ga cewa jarrabawa ce ta wanda ya saba rubuta jimlarsa da kansa. To a nan gizo yake saƙar.

Yadda darasin yake tafiya

Malam ya shigo, an gaisa, ya juya ya cika allo da ma'anar suna da aikatau da sifa. Yara sun sunkuya suna kwafa, na baya suna leƙen littafin na gaba don allon ya koɗe. Kafin a gama, rabin lokaci ya tafi. Malam ya karanta abin da ya rubuta, ya yi bayani da Hausa, ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane, Malam." Aka buga ƙararrawa. A cikin minti arba'in ɗin nan babu yaron da ya ƙirƙiri jimla ɗaya tasa, a baki ko a rubuce.

Bayani da Hausa ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne kaɗai abin da yaro yake tafiya da shi. Gwamnatin tarayya ta sanar a Nuwamban 2022 cewa da harshen uwa za a koyar a dukan shekarun firamare, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an soke hakan. Malamin aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Maiyama bai ga bambanci ba, domin yaran da ake kawo masa Hausa suke yi a gida da kasuwa da masallaci, Turanci kuwa sai a aji. In ba a aji suka furta shi suka rubuta shi ba, babu inda za su yi.

Kurakuran nasu ma suna da asali, ba daƙiƙanci ba ne. A Hausa kalmar aikatau ba ta sauyawa don nuna lokaci, ɗan wakilin sunan da ke gabanta shi yake ɗaukar wannan nauyi: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. A Turanci aikatau ɗin da kansa yake rikiɗa, wani lokaci ya koma wata kalma dabam. Hausa tana da wasula biyar masu tsawo da gajarta, Turancin Ingila da ake jarrabawa a kansa yana da sautukan wasali kusan ashirin. Haruffan p da f da suke rarrabe kalmomi a Turanci, a kunnen Bahaushe kusan abu ɗaya ne. Irin wannan ba ya gyaruwa da haddar ma'ana, sai da yi, a yi kuskure, a gyara, a sake yi.

Lissafin jan biro

Me ya sa malamai ba sa ba da aikin rubutu sosai? A ɗauka malami yana da azuzuwa huɗu, kowanne da ɗalibai sittin. Littattafai 240 ke nan. In ya ba kowane insha'i minti biyar, zai shafe awa ashirin a kan aiki guda ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai arba'in a babbar sakandare, amma inda aji ya wuce haka, sai malam ya koma sa hannu da kwanan wata a ƙasan shafi ba tare da ya karanta ba. Yara kuma suna lura. Da zarar sun gane ba a karantawa, sai mutum ɗaya ya yi, saura su kwafa da safe a gindin bishiya, ko a ɗauko amsa daga waya.

Ta ɓangaren yaro ma yinin a cike yake. Da asuba karatun allo, da hantsi boko, bayan la'asar Islamiyya. Lokacin rani ga ban ruwan albasa da shinkafa a fadama, ranar kasuwar Jega ga tsaron shago, 'yan mata ga girki da ɗiban ruwa da talla. Bayan isha'i kuma sau da yawa babu wuta. Aikin gida mai shafi uku ba shi da wurin zama a irin wannan yini.

Maganin ba a nesa yake ba. A makarantar allo ɗan abin da yaro zai iya riƙewa ake rubuta masa, ya biya a gaban malam, a gyara masa nan take, kuma ba ya wanke allo sai ya iya. Haka ƙasar Malam Abdullahi na Gwandu ta daɗe tana koyar da karatun Larabci ga yaran da ba Larabawa ba. Darasin Turanci zai iya aron wannan tsari: kaɗan, kullum, da gyara.

Misali, ranar Litinin malam ya ce kowa ya rubuto jimloli biyar a kan yadda ake jera albasa a rudu don kada ta ruɓe, ko yadda maɗoran Aliero suke ɗaure karaya da karare, duka a lokacin da ya wuce. Abu ne da yaro ya gani da idonsa, ba zai rasa abin cewa ba, kuma da wuya ya same shi a waya. Minti goma sha biyar sun ishe shi kafin magariba. Washegari a ɗauki minti goma na farko, yara su yi musayar littattafai, a ɗora jimlolin mutum uku a allo a gyara tare, abu ɗaya tak ake dubawa, wato lokacin aikatau. Malam ya karɓi littattafai goma sha biyu ya duba da kansa, gobe wasu goma sha biyun. A mako guda jan bironsa ya ratsa ajin mutum sittin, kuma babu wanda ya san ranar da za a karɓi nasa.

Bincike ya goyi bayan wannan hanya. Harris Cooper na Jami'ar Duke a Amurka, da ya tattara nazarce-nazarce a kan aikin gida a 2006, ya ga alaƙarsa da cin jarrabawa ta fi ƙarfi a sakandare fiye da firamare. A tsibirin Fiji kuma, a farkon shekarun 1980, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labarai a azuzuwan ƙauye inda Turanci baƙon harshe ne, yaran da suke karanta su kullum suka tsere wa takwarorinsu a fahimtar karatu. Akwati ɗaya na ƙananan littattafai a kowane aji, a riƙa ba da aro ranar Alhamis, ba zai gagari ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko dillalan albasa ba.

Nauyin kowa

Gwamnan Kebbi Nasir Idris malamin makaranta ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, don haka ba ya buƙatar a yi masa bayanin littattafai 240. Abin da ake jira daga gwamnati shi ne ƙarin malaman Turanci da za a tura ƙauyuka su zauna, da masu duba makarantu da za su buɗe littafin ɗalibi su ga ko akwai gyara a ciki, ba rajista kaɗai ba. Shugabannin makarantu su rage wa malamin Turanci wasu ayyuka, domin awannin dubawa aiki ne kamar tsayuwa a gaban allo.

Iyaye kuma kada wani ya ce shi bai yi boko ba. Uba yana iya cewa, "Kawo littafinka in ga jan biron Malam," uwa tana iya ɗage wa 'yarta wanke-wanke na rubu'in awa ta ce, "Karanta mini abin da kika rubuta, ki faɗa mini da Hausa." Garin da ya fitar da Farfesa Attahiru Jega bai rasa ƙwaƙwalwa ba. Abin da yaranmu suke nema shi ne su rubuta wani abu nasu kowace rana, kuma a samu babban da zai karanta ya gyara musu.