Makon da Kunya Ke Dawowa

Wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu lokacin noman rani zai ga fadamar Zauro shar da shinkafa, samari tsamo-tsamo cikin laka tun asuba. Wasunsu da tiramol suke karya kumallo, wai don kada gajiya ta kama su. Irinsu ne ake kawowa ɗakin jinyar masu shaye-shaye, uba ko wa na riƙe da hannunsu. Ba su kaɗai ba ne: rahoton wani bincike na 2018 ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma a shekarar ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin.

Kwanakin farko a ɗakin jinyar na jiki ne. Gumi, hamma, majina, zawo, ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace. Yaro ya zagi ma'aikacin jinya, ya rantse lafiyarsa ƙalau, sharri aka yi masa. Ma'aikatan ba sa riƙe wannan a rai. Sun san cikin mako guda ko kwana goma jiki zai lafa.

Abin da ke biyo baya ya fi taɓa ni. Mai hayaniyar jiya sai ya yi tsit. Ya zauna bakin gado, kwanon tuwo na hucewa a gabansa, yana murza bakin rigarsa. Ƙwaya ta daɗe tana danne masa tunani, yanzu murfin ya buɗe: buhun shinkafar da ya sayar a ɓoye, injin ban-ruwan Baba da ya jinginar, ranar da ya ɗaga wa Inna murya a gaban ƙannensa. Tambayarsa ta sauya. Da "yaushe za ku sake ni?" yake cewa, yanzu "Inna ta tambaye ni kuwa?"

A nan ne dangi ke yin kuskure. Sun ji an ce ya natsu, sai su ɗauke ƙafa, alhali a wannan makon ya fi bukatar ganin fuskar gida, don kunya kan rikiɗe ta zama baƙin ciki mai tsanani.

Daga baya fara'a na dawowa, har da alwashin ya warke sarai. Amma ana gobe sallama wasu ba sa runtsawa. Majalisar da suka baro tana nan a bakin tasha, mai sayarwar kuma ya san sunansu.