Nisan Abuja da Kano ta jirgin sama: lissafin ɗan kasuwar Mararaba

Tsakanin filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe na Abuja da na Malam Aminu Kano akwai tazarar kimanin kilomita 360, wato idan aka auna a miƙe ta sararin samaniya. Kamfanonin jiragen sama sukan ƙayyade wa wannan tafiya kusan awa ɗaya a jadawalinsu.

Mai lissafi zai iya cewa jirgin da ke gudun kilomita 800 a awa bai kamata ya kai rabin awa ba. Dalili kuwa shi ne, a gajeriyar tafiya irin wannan jirgi ba ya daɗewa yana cikakken gudunsa. Da zarar ya gama haurawa sama, ba a jima ba zai soma gangarowa. Kazalika awar da ke rubuce a tikiti ta haɗa da mintocin da jirgi ke gungurawa a ƙasa yana jiran izinin tashi, da waɗanda yake ɗauka kafin ya tsaya cak bayan ya sauka.

To, amma ga mazaunin Mararaba babbar matsalar tana ƙasa. Garin yana ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa ne, a gabashin Abuja, filin jirgi kuwa yana can yammacin birnin. Dole matafiyi ya bi ta Nyanya da Kugbo da AYA, ya ratsa gari, sannan ya kama titin Lugbe, tafiyar da ta haura kilomita 50. Tun da aka maido da hedkwatar Gwamnatin Tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, ma'aikata suke ta tarewa a wannan yanki saboda sauƙin haya, shi ya sa cunkoson safiya kan cinye awa biyu. A ƙara da awa ɗaya da rabi ta tantance fasinja da kaya, sai awar jirgi, sai fita daga fili. Jimilla ta tasar ma awa biyar ke nan.

Ɓangaren Kano ya fi rangwame. Filinta, wanda shi ne mafi daɗewa a Nijeriya, yana cikin gari, 'yan kilomitoci kaɗan daga Sabon Gari da Kantin Kwari da kasuwar Singa. Wanda ya sauka da hantsi zai iya gama cinikinsa kafin La'asar.

Ta mota, hanyar Kaduna da Zariya ta haura kilomita 400, kuma takan ci awa shida zuwa bakwai, gwargwadon lafiyar titi. Saboda haka ribar lokacin da jirgi ke bayarwa ba ta kai yadda ake zato ba, musamman ga mai dawowa da dilolin atamfa, tunda kuɗin ƙarin nauyi zai lashe abin da ya tsira da shi. Jirgi ya fi amfanar mai zuwa sa hannu a takarda ko ganawa da banki.

Sai kuma batun hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan rage nisan gani a Kano, har a jinkirta tashin jirgi ko a soke shi ɗungurungum. Duk mai alƙawarin da ba ya ɗaguwa a waɗannan watanni, gara ya yanki tikitin ranar da ke gabanin alƙawarin.