Ganyen Shayi da Lafiyar Ƙasa: Daga Mambila zuwa Gafasa

Da wuya a sami kasuwa a ƙasar Gaya da Ajingi wadda babu teburin mai shayi a bakinta, amma ganyen da ke tafasa cikin butar nan baƙo ne. Itacen shayi yana bukatar sanyi, da ƙasa mai tsami, da ruwan sama wajen inci 50 a shekara, wanda zai bazu cikin watanni da dama. Daminar Gafasa kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba. Saboda haka noman shayi na sayarwa a Nijeriya ya tattara ne a tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba, mai tsawon ƙafa 5,000 da ɗoriya, inda aka kafa gandun Kakara a shekarun 1970.

Shi shayi ba gero ba ne, da za a shuka bana a girbe bana. Sai ya shekara uku kafin a soma tsinkar tohonsa, sa'an nan ya yi shekara 50 ko fiye yana bayarwa. Ashe ke nan manomin da ya bar ruwa ya kwashe ƙasar gangare, jarin jikokinsa ya zubar. Shi ya sa akan jera shukar a gicciye bisa tudu, a kuma bar rassan da aka sassabe su ruɓe a gindi.

Babbar matsalar ita ce wuta. Ɗanyen ganye kilo 4 zuwa 5 ne ke ba da kilo guda busasshe, busarwar kuwa da itace ake yinta. An dasa itacen turare, watau zaiti, da yawa a Mambila, amma fa itace ne mai tsananin shan ruwa; in aka dasa shi kan idon rafi, rafin kan janye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Kakara, domin lantarkin kilowat 400 da masana'antar ta samu daga madatsar Tunga, da taimakon hukumar UNIDO, ruwan rafi ne ke juya shi.

Haka al'amarin yake a Kenya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da baƙin shayi: saran dajin Mau ya taɓa kogunan da gonakin Kericho suka dogara da su. A 2007 kamfanin Unilever ya yi alkawarin sayen ganyen Lipton daga gonakin da ƙungiyar Rainforest Alliance ta shaida kiyayewarsu ga ƙasa da daji, sharaɗin da ya zama ƙofar shiga kasuwannin Turai. Mai shayi a Gafasa ba ya tambayar wannan takarda. Kuɗin kwali yake dubawa, da yadda ganyen ke rina ruwa. Gandun da ƙasarsa ta gaji kuwa, a waɗannan biyun yake fara faɗuwa.