Bambancin "Remember", "Remind" da "Bear in Mind" a Turanci

Ɗalibi Bahaushe yakan rikita "remember" da "remind", domin kuwa kalmar "tuna" ce ke yin aikin duka biyun a Hausa. "Remember" na nufin mutum ya tuna da kansa: "I remember him", wato "Na tuna da shi". "Remind" kuwa tuna wa wani ne, don haka tilas a ambaci wanda aka tuna wa: "Remind me", wato "Tuna mini". Wanda ya ce "Remember me to Musa" saƙon gaisuwa ya bayar, wato "Gaishe mini da Musa". Shi kuwa "bear in mind" riƙe magana ne a zuci yayin yanke shawara, daidai da "yi la'akari da".