Kwalbar sanƙarau a hannun ɗan koyo

Kowace shekara, da zarar iskar hunturu ta taso da ƙura, hankalin ma'aikatan lafiya na gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jahar Maraɗi, yakan koma kan ciwon sanƙarau. In aka kawo yaro da zazzaɓi mai tsanani, wuya a sanƙare, likita yakan sa allura a gadon bayansa ya ɗebi ruwa kaɗan, ya zuba cikin 'yar kwalba, ya cika takarda. Ba ya jiran sakamako kafin ya soma magani. Amma ita kwalbar tana da doguwar tafiya a gabanta, kusan kilomita 800 daga Tasawa har cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai. A irin wannan ɗakin bincike ne ɗalibin da ya fito daga jami'ar Yamai ko ta Maraɗi yake zuwa zaman koyon aiki, wanda 'yan lakwal ke kira sitaj.

Mai karatu zai so ya san dalilin wannan wahala. Ƙwayar sanƙarau ba ta jure hanya. Kafin mota ta isa Yamai sau da yawa ta mutu, ba a iya renon ta a gane irinta. Tun daga ƙarshen shekara ta 2002 sai CERMES ta soma aiki da wata dabara da ake kira PCR, wadda wani masani ɗan Amurka, Kary Mullis, ya ƙago a 1983. Cikin kowace ƙwaya akwai wani zare mai ɗauke da bayanin halittarta, sunansa ADN, kuma zaren yana nan ko bayan ƙwayar ta mutu. Na'ura tana dumama ruwan har kusan digiri 95, ta rage zafi, ta sake dumamawa. Kowane zagaye guntun zaren da ake nema yana ninkuwa biyu. Bayan zagaye 30, guda ɗaya ya kai kimanin miliyan dubu, sa'an nan na'ura ta iya ganin sa.

Ɗan koyo yakan zo da ɗokin taɓa wannan na'ura. Sai ya tarar an fara shi da farar riga, da safar hannu, da shafe tebur, da littafin da zai rubuta duk abin da ya yi tare da kwanan wata. Kana a miƙa masa pipet, wani abu mai kama da alƙalami da ke tsotsar ruwa daidai awo. Awon nan ana ce masa mikrolita, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Ɗigon ruwa guda ma ya kusa mikrolita 50. Yakan yi kwanaki yana gwada hannunsa da ruwan banza kafin a yarda ya kusanci kwalbar marar lafiya. Wasu sukan ga kamar an raina karatunsu. Ba raini ba ne.

Gama dabarar da ke mai da ɗaya miliyan dubu ba ta san kuskure ba, shi ma ninka shi take yi. Ɗan burbushin da ya maƙale a safar hannu daga wata kwalba ya isa ya sa a ce yaron Mayahi yana ɗauke da ƙwayar da ba tasa ba. Don haka ne ake raba wurin haɗa magunguna da wurin buɗe kwalabe, kuma kowane bakin pipet sau ɗaya ake aiki da shi a jefar.

Abin da ke rataye da wannan tsabta ba ƙarami ba ne, domin sanƙarau iri-iri ne, ana kiran su da baƙaƙe: A, C, W, X da Y, ban da wasu ƙwayoyi dabam masu kawo ciwo mai kama da shi. Allurar riga-kafin wani iri ba ta tsare mutum daga wani. A 2006 binciken CERMES ya nuna irin X ne ya yawaita a Yamai, a lokacin kuwa babu allurarsa. A 2010 aka kawo allurar MenAfriVac, irin A ya ja da baya ƙwarai. Sai ga irin C ya tashi a 2015, ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500. A 2024 ne aka soma aiki a ƙasar da allurar da ta haɗa iri biyar ɗin. Hukumar lafiya da sakamakon kwalaben nan take dogara wajen sanin allurar da za ta nema da gundumar da za ta fara aika wa.

Akwai kuma abin da ɗan koyo kan gane tun makonsa na farko: rabin aikinsa an riga an yi shi, ko an ɓata shi, can a ƙauye. In lambar kwalba ta goge, ko takarda ta zo babu sunan gari da ranar ɗiba, komai kyan na'ura sakamakon ba shi da mai shi. Ma'aikacin da ke rubutu da fitila a asibitin karkara abokin aikinsa ne, ko da ba su taɓa haɗuwa ba.

Ranar da aka ba shi kwalabe na gaskiya, cikin jerin akwai guda wadda ruwa tsarkakakke kawai aka zuba mata, ita ce shaida. Da na'ura ta gama, ita malaminsa zai fara dubawa. In ta fito wayam, a karanta sauran. In kuwa ta nuna alamar ƙwaya, aikin yinin duka ya tashi, sai a shafe tebur, a sake sabuwar safa, a koma farko.